Takardar da Babu Suna

'Yan mata talatin da ɗaya ne a sansanin gudu na Koci Elkana a waccan shekarar, amma da Sista Zipora ta zazzage akwatin kwalin a kan teburinta, takarda talatin da biyu ta ƙirga. Ta lashi yatsa ta sake bi ɗaya bayan ɗaya. Talatin da biyun dai.

Sau biyu a shekara take raba wannan takarda, watan ɗaya da watan bakwai. Dakta Nasimiyu ce ta kawo tsarin daga Eldoret shekara shida da suka wuce, bayan wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a filin tsere, aka bincika aka tarar ta yi wata uku ba ta sa komai a cikinta sai baƙin shayi. Tambayoyi ashirin ne kan ci da ƙin ci. Kina tsoron ƙiba? Kina ɓoye abinci don a ɗauka kin ci? Kina zura yatsa a maƙogwaro bayan kin ci? Kina jin kin yi laifi in kin ƙoshi? Gaban kowace tambaya akwai gida huɗu: ban taɓa ba, jefi-jefi, sau da yawa, kullum. Yarinya za ta zauna ita kaɗai ta cika da hannunta, ta rubuta suna, ta ninke, ta jefa a akwati. Sista ta ɗora wani kwali mai ramuka a kai ta haɗa maki. Wadda ta haura ashirin, a kira ta ɗakin magani a rufe ƙofa a yi magana. Iyakar abin ke nan, kuma kada wanda ya raina shi. Ni kaina na san yara huɗu da wannan takarda ta tsamo, yau biyu a cikinsu suna da 'ya'ya.

Ta talatin da biyun babu suna. Zipora ta ɗora kwalin, ta haɗa, ta ga abin da ta gani, ta ce ba daidai ba ne, ta sake haɗawa. Hamsin da ɗaya cikin sittin. Mafi yawan da ta taɓa gani talatin da huɗu ne, kuma mai talatin da huɗun sai da aka kwantar da ita a asibiti. A can ƙasan takardar akwai tambaya ta ƙarshe wadda ba a ba ta maki: kina son a yi magana da ke? Mai takardar ta zaɓi i, ta danna fensirin har ya kusa huda takardar.

Zipora ta jima a zaune, shayinta ya huce. Wata a cikin yaran nan tana kashe kanta da yunwa a hankali, tana kuma kira a zo, amma ta ƙi faɗin ko wace ce.

To, ku san Zipora tukuna. Shekararta goma sha tara tana aikin jinya, tara a wannan sansanin da ke bakin gangare wajen Iten. Mace ce mai tsabta, mai tsare gida, ga kirki a ƙasa in ka tona. Abin da take taƙama da shi ɗaya ne: ba yarinyar da aka haifa da za ta yi mata wayo. Mijinta ya rasu a haɗarin mota a gangaren Kerio lokacin 'yarsu Jesang na da shekara huɗu, ba ta kuma sake aure ba. Ita da Jesang da tsohuwarta, Kaka Tapsabei, suke zaune a wani gida mai rufin kwano a bayan sansanin, tafiyar minti biyar, da saniya biyu da 'yar gonar masara.

Farkon zuwan takardar, gida Zipora ke tahowa da takardun ranar Lahadi bayan coci, don a ɗakin magani ba a barinta ta zauna. Takan lanƙwashe wurin suna kada a gani, Jesang 'yar shekara goma sha biyu ta riƙe mata kwalin tana kiran lamba, uwar tana haɗawa. Yarinya mai kaifin kai, kafin shekara ta zagayo ta haddace kwalin kaf. Uwar kuma baki ba ya shiru in tana aiki.

"Kin ga wannan? Sifili. Duk wadda ta kawo min sifili maƙaryaciya ce, gobe zan kira ta. Wa ya taɓa rayuwa bai ji haushin jikinsa ba ko sau ɗaya? Mai lafiya uku take samu, ko huɗu."

"Ko huɗu," in ji Jesang, tana gyara kwalin.

Da Jesang ta cika sha shida ta shiga sansanin ita ma, sai uwar ta daina ba ta riƙon kwali, ta ce yanzu bai dace ba. Bana shekararta goma sha takwas. Takardarta na cikin talatin da ɗayan masu suna, da kyakkyawan rubutunta a sama. Maki huɗu.

Zipora ta koma kan marar sunan tana dubawa kamar mai neman kwarkwata a kai. Babu rubutu ko harafi ɗaya, sai 'yar alamar nan da malami ke yi wa amsar da ta yi daidai. Can ta lura da abu. Jelar kowace alama hagu ta nufa, ba dama ba. Bahaguwa ce ta cika. Bahagwai kuwa biyu ne rak a sansanin: wata Jebiwot 'yar ƙabilar Marakwet, da Jesang.

Ina so in ce ta tsaya ta yi tunani. Ba ta tsaya ba. Ta Jesang ai ga ta nan, huɗu, da suna da komai. Ta aika a kira mata Jebiwot.

Jebiwot doguwa ce siririya kamar sillen kara, haka Allah ya yi ta, haka uwarta take, haka kakarta. Ta shigo tana goge baki.

"Sista, me na yi kuma? In maganar burodin Koci ce, ba ni kaɗai na ci ba, mu uku ne."

"Zauna. Rufe ƙofar." Zipora ta tura mata takardar. "Wannan taki ce?"

Jebiwot ta karanta tana motsa leɓe, ta ɗago ido a zare. "Ni? Sista, ki tambayi mai girki. Cewa ta yi in ban daina kankare tukunyar tuwon ugali ba za ta rubuta sunana a gindin tukunyar. Ni da ko a mafarki ci nake yi."

"Masu irin wannan ciwon duk haka suke cewa."

"To ki zo ki zauna kusa da ni da rana ki gani. Amma ki taho da naki kwanon, don ba na rabawa."

Zipora ba ta yi dariya ba. Washegari bayan gudun safe ta tara yaran duka a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ɗakin cin abinci, ta ce akwai wadda ta jefa takarda ba suna, kuma ƙofarta a buɗe take, ba wanda zai ji, ko Koci. Yaran suka yi ta kallon juna. Jesang na can gefe tana kwance igiyar takalminta. Ba wadda ta zo. Zipora ta ninke takardar ta sa a aljihun jakarta, ta kuma ɗora ido a kan Jebiwot. Wata biyu tana bibiyar baiwar Allah: ta zauna gabanta lokacin cin abinci, ta tsaya bakin banɗaki tana kasa kunne, ta ɗora ta a sikeli ranar da ba ta awo ba. Jebiwot tun tana mayar da abin wasa har ta gaji.

"Sista," ta ce wata rana tana saukowa daga sikeli, "ba fa ni kaɗai ce bahaguwa a nan ba."

Ran Zipora ya ɓaci nan take. "Me kike nufi?"

"Ba komai."

"In ba komai, ɗauki rigarki ki ba ni wuri. Yarinya ƙarama da ke sai iya kai gulma gidan mutane."

Ruwa ba ya tsami banza, amma wanda bai so ya ɗanɗana ba ba zai sani ba. Dokar sansanin ita ce kowa a ɗakin cin abinci yake ci, gaban kowa. Jesang kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, don 'yar Sista ce, gidansu ga shi nan bayan shinge. Mai girki ta ɗauka a gida take ci. A gida kuma in an zuba mata sai ta ce yanzun nan ta tashi daga kan ugali da ganyen sukuma a sansani, cikinta kamar zai fashe. Mai girki da Zipora kullum sai sun gaisa a bakin famfo, su yi hirar ruwan sama da ciwon gwiwa, ba wadda ta taɓa tambayar ɗaya ko yarinyar na ci.

Gudu kuwa sai abin da ya ƙaru. Ranar Juma'a Koci Elkana ke ɗora su a sikeli, yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, wai duk kilo ɗaya da ka sauke daƙiƙa ce ka tsinta a hanya. Ba mugu ba ne, haka aka koya masa shi ma. In Jesang ta sauka daga sikelin sai ya tafa hannu ya ce, "Ku ga 'yar Sista, ku yi koyi." Audugar mata da Zipora ke ajiye mata a saman kabad ta yi wata biyar ba a buɗe ba. Zipora ta gani. Ta kuma san abin da ake cewa a kowane sansani a ƙasar nan, cewa in al'ada ta ɗauke alama ce horo ya kama jiki. Da bakinta ta sha tsawata wa yara kan wannan maganar banza. Da ta zo kan tata 'yar, sai ta ce bari a gama tseren watan huɗu tukuna.

Watan huɗu aka je Nakuru, Jesang ta cinye tseren 'yan ƙasa da shekara ashirin, ta ba wadda ta zo ta biyu rata har sai da ta waiwaya ta ga ko dai hanya ta ɓata. Da motar sansanin ta dawo washegari da hantsi, unguwa ta fito duka. Mata na guɗa, an rataya mata ganye a wuya, 'yan coci sun zo da ganga. Kaka Tapsabei ta fito da goranta na kindirmon da muke kira mursik, wanda ta ƙona cikinsa da itace da hannunta, ta zuba nonon saniyarsu ta rufe kwana biyar tun kafin a san wa zai ci tseren. A wurinmu duk wanda ya ciwo nasara, kafin ya taka ƙofar gida sai tsohuwar gidan ta kafa masa gora a baki. Kaka ta ɗaga goran da hannu biyu, Jesang ta sunkuya ta kama da leɓe, maƙogwaronta na motsi, mutane na tafi, masu waya na ɗaukar hoto. Ta ɗago da farin gashin baki na nono tana dariya. Zipora ta yi kuka don daɗi a gaban kowa, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar mijinta.

Da la'asar baƙi sun watse, tana wanke kofuna a bayan gida, tsohuwar ta zo ta zauna a kan turmi, goran a cinyarta.

"Zipora, yarinyar nan ba ta sha ba."

"Haba Inna, gaban kowa fa ta sha."

"Gaban kowa ta motsa wuya. Ni ke riƙe da goran. Shekara sittin ina kafa wa mutane gora, na kafa wa ubanki, na kafa wa mijinki ranar da ya zo neman aurenki. Kurɓi ɗaya in ya fita hannuna ya sani. Harshe ta sa ta toshe bakin. Yadda na ɗaga shi haka na sauke."

"Gajiya ce. Wanda ya yi gudu irin wannan cikinsa ba ya karɓar abu."

"Jiya ta yi gudun. Kin kama hannunta kwanan nan? Da na riƙe ta sai na ji kamar na kama ƙafar kaza. Rana tsaka tana cikin riga biyu da hula."

Zipora ta dire kofin da ƙarfi. "Inna, wannan aikina ne. Akwai takardar da muke gane masu wannan ciwon da ita, likitoci suka tsara ta, ba a kasuwa aka tsinto ba. Jesang ta cika, ni na duba da hannuna. Huɗu ta samu. Sai mutum ya haura ashirin ake maganar ciwo."

"Takardar ce ta haife ta?"

"Inna, don Allah."

"Ni ban yi boko ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima." Tsohuwar ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shige ɗaki da goranta.

Maganar ta tsaya wa Zipora a rai, ba zan yi mata ƙarya ba. Ranar Lahadi suna dawowa daga coci su biyu, an yi ruwa, jar laka na kama takalmi, ta daure ta yi tambayar, idonta a kan hanya.

"Ke, kina dai cin abinci ko? Kakarki ta ishe ni."

"Ba ke kika duba takardata ba, Mama?"

"Ni na duba."

"To."

Suka yi 'yar tafiya. Wani mai babur ya wuce yana yi wa Jesang kirari, ta ɗaga masa hannu.

"Mama, kin gano mai takardar nan? Marar sunan."

"Ina kan Jebiwot. Taurin kai gare ta, amma za ta faɗa."

"In ba ita ba ce fa?"

"Wa kuma zai zama? Ke dai ki ji da gudunki, watan bakwai za a zaɓi masu fita waje. Ki bar min marasa lafiya."

Jesang ta dubi uwarta, ta buɗe baki, sai ta sunkuya tana kankare laka daga takalminta da tsinke. Zipora ta tsaya jiranta, zuciyarta wasai, har tana tunanin me za ta dafa. Wannan tsayuwar ta bakin hanya ita ce abin da ya fi cin ta har yau. Ta ce min da ta ƙara tambaya ɗaya tak, da yarinyar ta faɗa.

Ranar Alhamis ta biyu a watan shida, da sanyin safiya, yaran suka fita gudun da ake kwasa a sassauta, a sake kwasa. Zipora na share ɗakin magani ta ji ana kiranta tun daga bakin shinge. Jebiwot ce, da gudu, ɗauke da mutum a hannu kamar jariri.

"Sista, faɗuwa ta yi. Ba tuntuɓe, ba wanda ya taɓa ta, ƙara kawai muka ji. Sista, ba ta da nauyi. Tun daga gada na ɗauko ta, Allah ba ta da nauyi ko kaɗan."

Suka shimfiɗa ta a gadon ɗakin. Ƙafar hagu ta juya waje, Jesang ko kuka ba ta iya yi, sai numfashi sama-sama. Zipora ta ɗauki almakashi ta yanke rigar sama, ta yanke ta biyu, ta tarar da ta uku. Rabonta da ganin jikin 'yarta ba riga ya fi shekara. Haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ƙashin ƙugu kamar zai huda fata, wani gashi mai laushi ya rufe bayanta da damatsanta, irin wanda ta sha nuna wa yara a hoto. Ta kama wuyan hannun tana duban agogo. Mai gudu zuciyarsa a hankali take bugawa, kowa ya sani, amma wannan bugu ne da tsallake, ya zo, ya ɓace, ka jira har ka fid da rai sannan ya dawo. Zipora ta kasa sakin hannun. Jebiwot ce ta fita ta kira Koci ya kawo mota.

A asibiti a Eldoret aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Dakta Nasimiyu da kanta ta zo, ta ja Zipora gefe ta nuna mata hoton a jikin taga.

"Sista, ke ma'aikaciya ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Wannan ƙashin na 'yar shekara saba'in ne. Ba za mu iya yi mata aiki yau ba, zuciyar ba za ta ɗauki allurar barci ba, sai mun ɗan farfaɗo da ita a hankali. Maganar gudu ki cire ta a ranki. Yanzu ita muke nema."

"Huɗu ta samu, Dakta," in ji Zipora. Abin da ya fito daga bakinta ke nan. "Watan ɗaya. Huɗu."

Likitar ta dube ta da tausayi. "Tun ranar farko na gaya muku, takardar abin da yarinya ta yarda ta faɗa kawai take faɗa."

Kwana biyu Jesang ba ta yi wa kowa magana ba, fuskarta a bango, ana ƙara mata ruwa. Koci Elkana ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa, ya kasa shigowa. Kaka Tapsabei, wadda ba ta son mota ko kaɗan, ta shigo motar haya, matatu, ita kaɗai da goranta a cikin zane. Aka ce mata ba a shiga da shi, likita ce ke auna duk abin da zai shiga cikin yarinyar. Ba ta yi musu ba. Ta zauna a bencin waje ta rungume shi. Ba ta ce wa Zipora ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi.

Rana ta uku da hantsi Dakta Nasimiyu ta shigo da takarda a kan allo da fensir, ta jawo kujera kusa da gadon. Zipora na zaune ɗaya gefen, ta gane takardar tun daga nesa.

"Jesang, 'yata, kin san wannan. Ina so ki cika min ita don in san daga inda za mu fara. Ba sauri. In kina so mamanki ta fita, sai ta fita."

Jesang ta juyo a hankali. Leɓenta duk sun tsage. "Ba sai na sake ba, Dakta. Na riga na cika. Tana wurin Mama."

"Mai huɗun?" in ji Zipora. "Wannan ai..."

"Ɗayar."

Zipora ba ta tambayi wace ɗayar ba. Jakarta na kan cinyarta, takardar na aljihun ciki inda take tun watan ɗaya. Da ita ta je coci, da ita ta je kasuwa, tana rataye a kafaɗarta ranar da ake guɗa a ƙofar gida. Ta ciro ta. Ninkin ya yi baƙi don yawan buɗewa, jelar kowace alama na kallon hagu.

"Me ya sa ba ki sa suna ba?" in ji Zipora.

"Na ɗauka fensirin na ɗora a wurin, na kasa. Sai na ce ai za ki gane hannuna. Ke kika hana malamin aji ɗaya dukana a kan hagu."

"Da kin zo kin gaya min. Na ce ƙofata a buɗe take."

"Na zo sau uku. Duk kina tare da Jebiwot. Kuma kina ta murna, Mama. Tun da Baba ya rasu ban ga kina murna haka ba. In na yi gudu da kyau har waƙa kike yi kina shara."

Hawaye ya ɓalle wa Zipora, ba ta ko share ba. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta, ta ji da ma ita ce a kan gadon. "To don me kika cika biyu? Da wannan kaɗai kika jefa, da na ƙirga na ga taki ce babu."

Jesang ta mayar da ido kan silin. "Mai huɗun ta Sista ce, don kada a hana ni tsere. Wannan ta Mama ce."

Na'urar da ke bin bugun zuciyar na ta ƙara, tana yi tana tsallake. Dakta Nasimiyu ta sauke allonta a cinya.

Zipora ta miƙa hannu ta karɓi fensirin daga wurin likitar. Ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta, ta lallashe ninkin da tafin hannu. A layin sama, inda ya zauna fari wata biyar, ta rubuta sunan 'yarta cikakke, harafi bayan harafi, tana dannawa har sai da bakin fensirin ya karye a na ƙarshe. Ta miƙa wa likitar.

"Hamsin da ɗaya ne," ta ce. "Ba sai kin haɗa ba. A ƙasa kuma ta ce tana so a yi magana da ita."

Sannan ta ja kujerarta har ta taɓa gadon, ta kama hannun hagun nan mai sanyi ta riƙe, ta jira.